Lantarkin Zuciya: Abin da Ke Faruwa Idan Zuciya ta Tsaya, da Abin da Ya Kamata Jama'a Su Yi

Gabatarwa

Garin Iware yana kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta nufi Wukari, cikin Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola ta Jihar Taraba, kuma ya shahara saboda kasuwar shanunsa. A ɗauka yau ranar kasuwa ce, kara ta cika maƙil. Wani dillali mai kimanin shekara 50 yana tsakiyar ciniki, sai ya yanke jiki ya faɗi. An kira sunansa bai amsa ba, an girgiza shi bai motsa ba, numfashi kuwa sai wani irin gurnani jefi-jefi. Wani ya ruga neman ruwa, wani ya ce a kawo albasa, wani kuma ya nufi tasha neman motar da za ta kai shi asibiti a Jalingo. Kafin a sami motar minti 10 sun wuce, kafin a isa kuma wasu mintocin sun ƙaru.

Dukan waɗannan mutane taimako suka yi nufi. Amma abin da zai yanke hukuncin rayuwar mutumin nan yana faruwa ne a cikin ƙirjinsa, a cikin mintocin da ake kai da kawowa. Makasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a yadda lantarkin zuciya yake sauyawa daga lokacin da ta tsaya har zuwa lokacin da ya mutu gaba ɗaya, domin kowa ya gane dalilin da ya sa likitoci suke cewa taimakon wanda yake kusa ya fi na wanda za a je a kira.

Daga Ina Zuciya Take Samun Lantarki?

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke karɓar jini, na ƙasa su ke tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Idan babban mutum yana hutawa, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, ta tura jini kamar lita 5. A kwana ɗaya, dare da rana, takan buga wajen sau 100,000.

Tsoka ba ta matsewa sai an ba ta umarni, umarnin kuwa lantarki ne. Zuciya da kanta take yin nata. A saman ɗakin dama na sama akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta wanda yake fitar da tartsatsin lantarki a kai a kai. Mu kira shi makaɗin zuciya, gama aikinsa ya yi kama da na makaɗin gayya: in ya buga, sai fartanyu su sauka tare. Tartsatsin yakan bazu cikin ɗakunan sama su matse, sa'an nan ya isa wata mahaɗa da ke tsakiyar zuciya, inda yakan ɗan dakata kamar kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa domin ɗakunan ƙasa su cika. Daga nan sai ya bi wasu zarurruka masu saurin kai saƙo, ɗakunan ƙasa su matse a lokaci guda, jini ya fita. Wannan shi ne bugun da ake ji a wuyan hannu.

Asalin lantarkin kuwa gishirin da ke cikin jiki ne. Akwai iri uku da suka fi muhimmanci: sodiyam, wanda ake samu a gishirin miya, da fotashiyam, da kalshiyam. Kowace ƙwayar tsoka tana da ƙananan famfuna a fatarta, masu fitar da sodiyam waje su tara fotashiyam a ciki. Wannan bambanci na ciki da waje shi ne cajinta, tamkar na batirin tocila. A kowane bugu ƙwayar takan saki cajin, famfunan kuma su mai da shi. Famfunan ba su aiki sai da ƙarfi, ƙarfin kuwa daga iskar oksijin da abincin da jini yake kawowa ake samunsa. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin a kanta sauran bayanin ya dogara: zuciya tana ciyar da kanta ne da jinin da ita kanta take turawa.

Yadda Ake Ganin Lantarkin

Lantarkin zuciya kaɗan ne ƙwarai. Abin da yake isowa fatar ƙirji bai wuce kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na bolt ba, alhali batirin tocila guda bolt ɗaya da rabi ne. Duk da haka ana iya auna shi. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya ƙera na'urar da ta fara zana shi sosai a farkon ƙarni na 20, aka kuma ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki a 1924. Jikokin na'urar nan su ne ake kira i-si-ji a asibitocinmu. A zuciya mai lafiya takan zana ɗan tudu, sa'an nan tsini mai tsawo, sa'an nan wani tudu, ta yi ta maimaita haka ba sauyi.

Fuskoki Huɗu na Tsayawar Zuciya

Idan aka ce zuciya ta tsaya, ana nufin ta daina tura jini. Ba lalle ne lantarkinta ya ɗauke ba. In aka jona na'ura a ƙirjin wanda ya faɗi, za a ga ɗaya daga cikin abubuwa huɗu.

Na farko, gudun ɗakunan ƙasa. Wani wuri a ɗakunan ƙasa yakan ƙwace kiɗan daga hannun makaɗin, ya yi ta bugawa da saurin da ɗakunan ba su samun sukunin cika. Sau da yawa wannan hali ba ya daɗewa sai ya rikiɗe ya koma na biyu.

Na biyu, makyarkyatar zuciya. A nan lantarki yakan wargaje, kowane sashe na tsoka ya kama nasa kiɗan, igiyoyin lantarki fiye da 300 a minti suna karo da juna. Zuciya tana ta rawar ɗari amma ko cokali ɗaya na jini ba ya fita. A takarda sai a ga zane yana hawa da sauka ba tsari. Wannan shi ne abin da ya fi faruwa a farkon faɗuwar babban mutum wanda jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa ta toshe, haka kuma wanda wutar lantarki ta ja.

Na uku, lantarki ba bugu. Na'ura tana nuna zane mai tsari, amma in aka taɓa jijiya ba a jin kome. Makaɗi yana kiɗa, manoma sun kasa ɗaga fartanya. Dalilansa sun haɗa da zubar jini mai yawa a hatsarin mota ko wajen haihuwa, da ƙarewar ruwan jiki saboda amai da gudawa, da shaƙewa, da gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, da taruwar fotashiyam a jinin mai ciwon ƙoda.

Na huɗu, shiru. Lantarki ya mutu, na'ura tana jan miƙaƙƙen layi.

Biyun farko ana maganinsu da na'urar girgiza zuciya, wadda likitoci ke kira difibrileta. Biyun ƙarshe wannan na'ura ba ta yi musu kome. Kuma duk ukun farko, in aka bar su, ƙarshensu shi ne na huɗu.

Minti Bayan Minti

A 2002 wasu likitoci biyu na Amurka, Myron Weisfeldt da Lance Becker, suka kasa makyarkyatar zuciya zango uku bisa ga tsawon lokacin da ta ɗauka. Bari mu koma ga dillalin nan na Iware mu bi shi zango-zango.

Zango na farko, daga faɗuwa zuwa wajen minti 4. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 da tsayawar jini hankali yakan gushe. Mai yiwuwa jiki ya ɗan fizga, har a zaci farfaɗiya ce. Gurnanin da ake ji ba numfashi ba ne, saura ne na ƙoƙarin ƙwaƙwalwa, kuma alama ce ta cewa faɗuwar ba ta daɗe ba. A wannan zango tsokar zuciya tana da sauran ƙarfi a ajiye, don haka zanen makyarkyata manya-manya ne, masu kauri. In aka girgiza zuciya da na'ura yanzu, akwai kyakkyawan zaton ta koma bugawa.

Zango na biyu, daga wajen minti 4 zuwa 10. Zuciya mai makyarkyata tana ƙona ƙarfi kamar mai aiki, ga shi ba abin da ke shigowa. Ajiyar takan soma ƙarewa, famfunan gishiri su yi sanyi, fotashiyam ya riƙa tsiyaya daga cikin ƙwayoyi, tsami ya taru a tsoka. Cajin kowace ƙwaya sai ya ragu, saƙo kuma ya riƙa tafiya a hankali. A takarda zanen yakan ƙanƙance ya yi siriri, kamar hasken tocilar da batirinta ya raunana. In aka girgiza irin wannan zuciya ba tare da an tura mata jini ba, makyarkyatar tana iya tsayawa amma bugu ya ƙi dawowa, sai a faɗa cikin shiru ko lantarki ba bugu. A cikin wannan zango ne kuma, daga minti 4 zuwa 6, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa.

Zango na uku, bayan minti 10. Yanzu illar ta game jiki. Jini ya yi tsami, kalshiyam ya cika ƙwayoyin tsoka har sun fara sandarewa, hanji da ƙoda da hanta suna zubar da abubuwa masu guba cikin jijiyoyi. Zanen makyarkyata yakan yi ta sirancewa har ido ya kasa bambanta shi da miƙaƙƙen layi, daga nan kuma sai shiru. Ko da an samu an ta da zuciya a wannan zango, sau da yawa ƙwaƙwalwa ta riga ta yi nisa.

Wanda ya fara da lantarki ba bugu shi ma hanyarsa ɗaya ce: zanen yakan yi ta raguwa a sauri, yana faɗaɗa, tazara tana ƙaruwa tsakanin wannan da wancan, har ya ɗauke.

Likitoci sun ƙiyasta cewa a makyarkyatar zuciya, kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi kome ba, damar tsira takan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. In ana danna ƙirji kuwa, raguwar ba ta wuce kashi 3 zuwa 4. Jalingo tana da Asibitin Gwamnatin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha, amma babu direban da zai ɗauki mutum daga Iware ya kai shi can kafin zango biyun farko su ƙare. Haka lamarin yake a yawancin garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan. Shi ya sa sau da yawa abin da likita yake tararwa shi ne miƙaƙƙen layi, ko da kuwa a wurin faɗuwa makyarkyata ce wadda take da magani.

Aikin Na'ura da Aikin Hannu

Mutane da yawa sun ɗauka na'urar girgiza zuciya tana cusa wa matacciyar zuciya wuta ne ta tashi, kamar yadda ake jona wa mota batir. Ba haka ba ne. Aikinta ya yi kama da na mai gari da ya daka wa taron da ya kaure da hayaniya tsawa ɗaya, kowa ya yi tsit, domin a ji mai magana. Na'urar takan sauke cajin dukan tsoka a lokaci guda, makaɗin zuciya ya sami sararin komawa kan kiɗansa. In makaɗin ya riga ya mutu saboda yunwa, tsawar ba ta da amfani. Don haka a miƙaƙƙen layi likitoci ba su girgizawa, sai dai su ci gaba da danna ƙirji, su ba da allurar adirenalin kowane minti 3 zuwa 5, su kuma nemi musabbabin.

Wannan ilmi ya daɗe ana tara shi. A 1947 likita Claude Beck na birnin Cleveland a Amurka ya ceci yaro ɗan shekara 14 da irin wannan na'ura, ƙirjinsa a buɗe a ɗakin tiyata. A 1956 Paul Zoll ya nuna ana iya yin haka ba tare da an tsaga ƙirji ba. A 1960 masana uku na asibitin Johns Hopkins suka nuna cewa danna ƙirji da hannu kawai yana tura jini. A 1965 Frank Pantridge na birnin Belfast ya sa na'urar a motar asibiti. Yau akwai ƙarama mai aiki da batir, wadda take duba lantarkin da kanta, ta yi magana, ta gaya wa wanda ba likita ba abin da zai yi.

Danna ƙirji ba ya gyara makyarkyata. Abin da yake yi shi ne ya tura kamar rubu'i zuwa sulusin jinin da zuciya ta saba turawa. Wannan ɗan jini yakan isa ya ciyar da famfunan gishiri, ya hana zanen sirancewa da wuri, ya kuma raya ƙwaƙwalwa. Watau hannun mai taimako yana jinkirta agogon da muka bayyana a sama.

Darasi Daga Filin Ƙwallo

Ran 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana tsakiyar wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. Bincike ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Wannan ya nuna ko saurayi mai ƙarfi bai fi ƙarfin abin ba.

Ran 17 ga Maris 2012 Fabrice Muamba, haifaffen Kinshasa, ya faɗi a wani wasa a Landan. Zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta buga da kanta ba, aka girgiza ta sau 15, amma ya rayu da hankalinsa, domin tun a fili aka fara danna ƙirjinsa kuma ba a fasa ba har asibiti. Ran 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen na ƙasar Denmak ya faɗi a birnin Kofanhegan, aka danna ƙirjinsa aka girgiza zuciyarsa cikin 'yan mintoci, ya kuma koma buga ƙwallo a 2022. Abin da ake ƙirgawa ke nan shi ne mintocin da zuciya ta yi ba jini ko kaɗan.

Abin da Za Ka Yi

1. Ka tabbata wurin ba hatsari. In wutar lantarki ce ta ja shi, a kashe ta tukuna kafin a taɓa shi.
2. Ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko gurnani kawai yake yi, ka ɗauka zuciya ta tsaya. Kada dubawar ta wuce daƙiƙa 10.
3. Ka nuna mutum ɗaya ka ce ya kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ko ma'aikacin lafiya mafi kusa, wani kuma ya nemo mota.
4. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisansa, gwiwar hannu a miƙe.
5. Ka danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, watau kamar sau biyu a daƙiƙa. Bayan kowace dannawa ka bar ƙirji ya taso.
6. In an koya maka hura iska, ka yi dannawa 30, hurawa 2. In ba a koya maka ba, dannawa kaɗai ta fi zama a kallo. Ga yara da wanda ya nutse a ruwa hurawar tana da muhimmanci ƙwarai, gama rashin iska ne ya tsai da zuciyarsu. Yaro hannu ɗaya ya ishe shi, jariri kuwa manyan yatsu biyu.
7. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A riƙa canji kowane minti 2, ba tare da ɓata lokaci ba.
8. In akwai na'urar girgiza zuciya, a kunna ta nan take a bi umarninta. In an sa shi a mota, a shimfiɗe shi a inda za a iya ci gaba da dannawa har asibiti.

Abin da Za a Guje Wa

Kada a ɗura masa ruwa, ko nono, ko jiƙo, gama huhu za su tafi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɓata lokaci wajen yayyafa ruwa da shaƙa albasa. Kada a taru a kansa. Kada tsoron karya haƙarƙari ya hana dannawa, domin ƙashi yana warkewa. In mace ce ta faɗi, kada kunya ta sa a tsaya kallo. Ana iya dannawa ta bisa riga, kuma ya kamata mata su ma su koyi wannan aiki. A asibiti kuwa, Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda yake bukatar taimakon gaggawa.

Kada kuma jama'a su yi gaggawar yanke cewa rai ya yi halinsa. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka gudanar a asibitocin Kanada da Czech da Holan, ya gano cewa a wasu masu mutuwa zuciya takan ɗan sake motsawa bayan ta tsaya, mafi tsawon tazarar da aka gani kuwa minti 4 da daƙiƙa 20. Saboda irin wannan ne ma'aikatan lafiya suke jira su sake dubawa kafin su tabbatar da mutuwa. A bar musu wannan hukunci duk inda hali ya yi.

Rigakafi

Yawancin zukatan da suke tsayawa sun daɗe suna ciwo. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da shan ƙwayoyi barkatai, duk suna raunana tsoka su ɓata hanyoyin lantarki. Akwai kuma ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi nazarinsa tun shekarun 1970. Mai jego da take haki ko kumburin ƙafa a kai ta asibiti. Duk wanda yake jin nauyi a ƙirji, ko faɗuwar gaba ba dalili, ko ya taɓa suma yana cikin aiki ko wasa, ko wani danginsa ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya, ya je a auna jininsa a kuma duba lantarkin zuciyarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana kira ga sarakunan kasuwa, da shugabannin tashoshin mota, da shugabannin makarantu da na wuraren ibada, da ƙungiyoyin matasa da na mata, su gayyaci ma'aikatan lafiya ko 'yan agaji su koya wa mutanensu danna ƙirji. Koyon ba ya cin wuni guda. Manyan kasuwanni da filayen wasa su yi ƙoƙarin mallakar na'urar girgiza zuciya, su ajiye ta inda kowa ya sani. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, sa'an nan ya miƙa shi ga maƙwabcinsa.